Hantar Sabon Jirgi

Sau biyu Silima yana binne 'ya'yan kifi a bayan ɗakin ƙyanƙyasa, kuma duka biyun ramin bai wuce zurfin tafin hannu ba. Dubu arba'in ne kowane zubi, amma da ya tace su a ƙyalle ba su cika cokali uku ba. Wannan ya fi komai tsaya masa a rai, a ce rayuka masu yawa haka su tafi, ko ƙuda bai san an yi rashi ba.

Yanzu ga zubi na uku, kuma shi ne na ƙarshe a bana. Iyayen kifin, manyan mwatiko takwas da ke zagaya tankin siminti ba hutu, sun saki ƙwai da tsayuwar wata, ba kuma za su sake ba sai iska ta juya, wata biyar nan gaba. A can bayan dajin mikoko, bishiyoyin da ke tsirowa cikin taɓon bakin teku, akwai ramuka huɗu da matan Kipange goma sha bakwai suka haƙa da fartanya da bokiti, taɓo har cinya, don kawai Silima ya miƙe a taronsu ya ce su haƙa, shi zai cika musu su da kifi. Wata huɗu ke nan teku na shiga ramukan tana fita, ba wanda ya tare a ciki sai ƙaguwa. Matan sun gama magana: idan wannan zubin ma ya bi 'yan'uwansa, za su fasa bakin ramukan su koma kan igiyoyinsu na ciyawar teku. Wadda ta isar masa da saƙon ita ce shugabarsu, Mwatima, wadda ake kira Maman Riziki, kuma ta isar da shi ne tana zuba masa shayi, domin matarsa ce.

Aikin ba baƙonsa ba ne. Shekara guda ya yi yana bin Bi Zuwena, malamar kiwon kifi da aka turo musu, har ya iya shi kamar alwala. Jaririn mwatiko bakinsa bai kai kafar allura ba, ba abin da zai iya haɗiya sai wasu 'yan ƙwarin ruwa da ido ba ya gani sai an sa madubin ƙara girma. Su ƙwarin a koren ruwa ake kiwonsu cikin duro. Kafin a zuba wa jarirai su, sai a kaɗa mai da gwaiduwar ƙwai har ya koma fari kamar nono, a ba ƙwarin su sha su yi taf, sannan a miƙa su. Ƙwaron cokali ne kawai, in ji Bi Zuwena, man da ke cikinsa shi ne abincin. Tana da wata kwalba mai ruwan ƙasa da ta zo da ita daga birni. Da ita suka yi gwajin farko, kifi ya rayu, mata suka gani da idonsu suka kama haƙa. Sai cikinta ya tsufa ta tafi Tanga haihuwa, kwalbar kuma ta ƙare mako biyu bayan tafiyarta.

Silima bai kira ta ba. Mace na fama da kanta, ba za a bi ta da zancen kwalba ba. Haka ya faɗa wa kansa, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai a ƙarƙashin gaskiyar akwai wani abu kwance: ba ya so a ce malama ta juya baya da kwana goma sha huɗu ya gaza. Sai ya nufi madafar matarsa.

A Kipange idan aka ce mai, ba a tambayar wanne. Da man kwakwa ake murza jariri ranar da ya faɗo, da shi ake gyara amarya, da shi ake tayar da wanda zazzaɓi ya kayar. Na Mwatima kuwa har daga Chake ake aiko da kwalabe su jira shi. Abin da ya rayar da 'ya'yansa biyar, ta yaya zai kasa rayar da abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba? Ya kaɗa shi da gwaiduwa, ya yi fari tas, ƙwari suka sha, jarirai suka ci. Kwana tara suna lafiya lau. Ana goma sai su fara wani iyo irin na mai maye, su kai wa ƙwaro cafka su cafki ruwa. Ana sha biyu, iska ta buga ƙofar kwanon ɗakin, gaba ɗayansu su sume, su sauka gindin tanki kamar an barbaɗa gari. Ya zargi ruwa, ya canza ruwa. Ya zargi bututun iska, ya wanke shi. Ya zargi ido, har ya rataya laya a bakin ƙofa. Mai kaɗai bai zarga ba, don mutum ba ya neman ɓarawo a cikin tukunyar da ta ciyar da shi.

Ranar da zubi na uku ya kwana biyu da ƙyanƙyashewa, wato ranar da za su buɗe baki da la'asar su nemi abinci, tun da hantsi ake jiyo ihu daga bakin teku. An fito da papa, kifin nan mai cin nama, wani ƙato da ya ɗauki mutum goma kafin a jawo shi tudu, haƙoransa jere kamar zarto. Silima bai je kallo ba. Ya buɗe ɗan firijin da ke aiki da hasken rana zai ɗauki ƙwai, sai ya ga jiya cikin gajiya ya jefa kwalbar Mwatima a ciki. Man ya daskare fari fat kamar kyandir. A gefenta ga kwalbar malama, wadda ya kasa yarwa. Ya ɗauke ta ya karkata. Ɗigon da ya rage a gindinta, bayan wata uku a cikin sanyi, ya gangaro a hankali kamar zuma a rana.

Ya daɗe riƙe da kwalaben biyu, ɗaya a kowane hannu. Sannan ya ajiye su, ya goge tafinsa a zaninsa, ya ciro waya.

"Bi Zuwena, barka da arziki. Ya mai jego, ya ɗan baƙo?"

"Mzee Silima, dattijon arziki! Ashe ana tunawa da mu? Baƙo yana nan, aikinsa kuka da tsotso. Ya 'ya'yana na tanki?"

Ya faɗa mata. Ya fara da ruwa, ya bi ta bututun iska, yana kewaye-kewaye kamar mai neman mashiga a dajin mikoko. Ta katse shi.

"Da me kake shayar da ƙwarin?"

"Da mai."

"Wane mai, Mzee? Kwalbata ai ba za ta kawo yanzu ba."

"Na Maman Riziki."

Sai ya jiyo dariya, irin wadda mutum ke yi yana riƙe ciki, har jaririn ya farka ya taya ta da kuka.

"Wayyo ɗinkina! Mzee Silima, tsakaninka da Allah, tun da kake shiga teku ka taɓa ganin mwatiko a kan bishiyar kwakwa?"

"Ban taɓa ba, malama."

"To saurara. Ni da kai da akuya, idan muka ci mai iri ɗaya, jikinmu yana iya juya shi ya yi wani. Jaririn kifin teku bai iya wannan ba. Idonsa da ƙwaƙwalwarsa da wani mai ake gina su, kuma man nan ba ya tudu, sai a teku. Cikinsu ka cika, ka bar su makafi."

Makafi. Ya tuna yadda suke cafkar ruwa a gefen abinci.

"Kwalbar birni ba za ta iso maka ƙasa da mako biyu ba," in ji ta, dariyar ta tafi. "Nemo hantar kifi mai kitse, sabuwa, ta yau ɗin nan. Ban ce irin man duron masu jirgi ba, wanda ya ruɓe a rana, wannan guba ce gare su. A narka ta a wuta marar ƙarfi, kada ta soyu. Kwalba biyu sun ishe ka. Kuma Mzee, wata rana ka kira ni tun kafin a yi jana'iza."

A hanyarsa ta zuwa gida Silima ya shirya ƙarya uku, duk don kada ya ce wa matarsa manta ne. Ta farko ta faɗi a gindin mangwaro, ta biyu a bakin masallaci. Ta uku ta raka shi har tsakar gida, inda ya tarar da Mwatima zaune a kan kujerar kankare kwakwa, farar kwakwa na zuba cikin tire. Da ta ɗago ta dube shi, ita ma ta ukun ta gudu.

"Maman Riziki, na gano abin da ke kashe su. Mai ne. Naki."

Ta tsayar da hannu. "Maina? Man da ya tayar da uwarka daga jinya?"

"Ba laifin man ba ne. Na teku suke so."

"Tsaya tukuna. Wa ya ba su maina?"

"Ni. Ai ke kike ba ni kwalaben."

"Na ɗauka gwiwarka kake shafawa! Kwalba shida, Baban Riziki! Har na ce wa mata gwiwar mijina ta fi tukunyar biki shan mai, su taya ni addu'a!"

Ta so ta riƙe fushin, ya ƙi riƙuwa. Ta kifa goshi a kan hannunta tana dariya kafaɗunta na rawa, shi kuwa yana tsaye kamar wanda aka kama da kazar maƙwabci. Da ta gama ta share ido da gefen mayafi, ta sa ya maimaita mata abin da malama ta ce, kalma bayan kalma.

"Hanta sabuwa," in ji ta. "To ai ka ji ihu da safe. Ka kuma san mai hantar."

Silima ya nemi turmi ya zauna. Ya sani. Duk Kipange ta sani. Wata biyu ke nan da Pandu, yayan Mwatima, ya ce a ajiye masa hantar papa na farko da za a fitar, don sabon jirginsa. Shekara arba'in yana sassaƙa wa mutane jirage, wannan ne karo na farko da ya sassaƙa nasa na kansa, kuma ba abin da ya rage a tura shi ruwa sai man hanta da za a shafe katakonsa da shi. Tun ranar da aka kafa ɗakin ƙyanƙyasa kuwa Pandu bai bar surukinsa ya sha ruwa da daɗi ba.

"Gara na nemi wani wuri," in ji Silima.

"Ina? La'asar za ta jira ka? Tashi. Ɗauko mini mayafina mai kyau."

Sun tarar da jirgin a inuwar kwakwa, a kan ginshiƙai, katakonsa fari sol yana ƙamshin sassaƙa. Hantar tana cikin wani babban baho, ta cika shi har tana zubowa, mutum biyu na shirin ɗaga ta su juye a duro a rufe ta ruɓe. Masunta sun kewaye wurin, kowa da shawararsa. Pandu yana tsakiya, gajere, kakkaura, gizago rataye a kafaɗa. Da ya hango su ya buɗe hannuwa.

"A'a! Yau ungozomar kifi ce da kanta! Shemeji, surukina, an sauka lafiya? Mace ko namiji?"

"Dubu arba'in, Yaya."

"Masha Allah. Yaushe suna? Ko su ma irin na baya ne, ba sa jiran a yanka musu akuya?"

Aka fashe da dariya. Silima ma ya yi, don wanda ya zo roƙo ba ya zaɓen abin da zai yi wa dariya.

"Allah ya cika teku da kifi," in ji Pandu yana duban jama'a, "shi kuwa surukina ya ga aikin bai yi ba, ya ce a kawo masa baho ya gyara. Me ke tafe da ku? Mwatima, wannan mayafin ai na zuwa roƙo ne, na san shi."

Silima ya yi bayani, bai ɓoye ko kwalba shida ba. Da ya zo kan man kwakwa wani tsohon masunci ya faɗi daga kan kututturen da yake zaune. Amma da ya zo kan hanta, dariya ta ɗauke kamar an hure fitila. Pandu ya sauke gizagonsa ya jingine shi da jirgi.

"Shemeji, ka san abin da kake tambaya? Hantar farko ta sabon jirgi ba a sa mata wuƙa. Tasa ce gaba ɗaya, sai ya sha ya ƙoshi. Haka ubanmu ya yi, haka ya koya mini. Jirgi arba'in da ɗaya na sassaƙa, ban ƙetare wannan ba ko sau ɗaya, kuma ko ɗaya a cikinsu bai ci mutum ba. Ka jira ta narke a duro, in ba ka abin da ya rage."

"Wanda ya ruɓe kashe su zai yi, Yaya."

"To ka ga."

Silima ya dubi jirgin. Yana da amsoshi, malama ta cika masa baki da su. Katako bai san hanta cikakkiya daga yankakkiya ba, wannan ko yaro ya sani. Amma ba katako ne zai shiga teku ba, Pandu ne da 'ya'yansa biyu. Idan wata rana iska ta taso musu a tsakiyar ruwa, tsoho ya tuna an yanki hantar jirginsa, hannunsa ya yi sanyi a kan igiya, wa zai ce hantar ba ta yi aiki ba? Kuskuren na Silima ne, girman kansa ne ya hana shi ɗaga waya. Da wane ido zai ce wani ya biya masa da natsuwar zuciyarsa?

"Gaskiyarka, Yaya," in ji shi. "Allah ya sa jirgi ya shiga ruwa a sa'a." Ya juya zai tafi.

Mwatima ba ta juya ba. Ta gyara mayafinta ta matso kusa da bahon.

"Yaya, ni ma a gindin jirgin Baba na yi rarrafe. Shekarar da ya sassaƙa wa mutanen Tumbe nasu, tari ya kama ni har aka fara sallama da ni. An ce a nemo man hanta sabo. Me Baba ya yi?"

Pandu ya sunkuya yana duba wata ƙusa da ba abin da ya same ta.

"Ni ƙarama ce, Inna ce ta ba ni labari. Ta ce ya ɗauki hantar ɗanya ya yi bisimillah ya goga wa goshin jirgi, ya ce jirgi ya karɓi nasa, sannan ya sa wuƙa. Ta ce akwai wani yaro mai manyan kunnuwa da ya riƙe masa kwano yana kuka. Wane ne yaron, Yaya?"

"Kunnuwana daidai suke."

"Jirgin mutanen Tumbe ya nutse?"

"Yana nan har yau, jikokinsu ke ja." Ya ɗago. "Amma wannan don rai ne, Mwatima."

"Waɗannan fa, tsakuwa ce?"

"Ke 'yarsa ce."

"To 'yarsa ce ta sake dawowa. Wannan karon mu goma sha bakwai ne, kuma ka ga ƙafafunmu ranar da muka fito daga taɓon nan. Matarka ma tana cikinmu, ko ka manta kai ka cire mata ƙaya?"

Pandu ya dubi ƙanwarsa, ya dubi jirgin, ya daɗe yana shafa katakon da tafin hannu kamar mai rarrashin doki. Sannan ya naɗe hannun riga, ya cusa hannu biyu cikin baho ya ɗago gefen hantar, ya yi bisimillah da ƙarfi. Ya goga ta a goshin jirgin tun daga sama har ƙasa, ya sake, ya sake, har farin katako ya yi duhu yana sheƙi. Ya ce a miƙo masa wuƙa.

Bai yanki ɗan kaɗan ba. Kashi ɗaya cikin uku ya zabge.

"Yaya, kwalba biyu kawai..." in ji Silima.

"Rufe mini baki. Kai da ka shayar da kifi man gwiwa za ka koya mini awo? Idan ya zube fa?"

"Abin da ya rage ba zai ishi jirgin ba."

"Na sani. Ya jira shekara, zai jira wani papan." Ya tura masa kwanon a ƙirji. "Ubana ne, ni zan amsa masa. Kai je ka amsa wa matan nan."

Narkar da hantar Mwatima ce ta yi, ba ta ko bar shi ya taɓa ludayi ba. Ta yayyanka ta ƙanana, ta sa a ƙaramar tukunya, ta zaunar da ƙaramar a cikin babba mai ruwan zafi, ta janye itace har wutar ta koma lumshe ido. Shekara talatin tana tsaye a kan mai, ta san lokacin da yake shirin ƙonewa tun kafin shi ya sani. Man ya taso a hankali, ja-ja, garau. Ta kwashe, ta tace sau uku a sabon ƙyalle. Ƙarni ya cika unguwa, kuliyoyin Kipange kaf suka hallara a kan katanga suka jeru kamar 'yan ɗaurin aure.

"Kwalba uku da rabi," in ji ta. "Idan na ji ka shafa ko ɗigo a gwiwa, sai mun je gaban shehe."

Kafin la'asar ta yi sanyi ya kaɗa man da gwaiduwa a injin markaɗe, ya ba ƙwari, ya jira su sha, ya wanke su ya zuba a tanki. Ya sa madubi ya leƙa. Ga su nan, zare-zare masu ɗigon ido biyu, suna lanƙwashewa suna harba kansu gaba.

Kwanakin da suka biyo baya ya yi su ne a bakin tankin, kuma mutum idan ya daɗe yana kallon ruwa tunani yakan same shi. An kafa ɗakin nan ne don a rage wa teku nauyi, a daina bin 'ya'yan kifi da gidan sauro a bakin gaɓa. Ga shi kuma sai da papa ya mutu kafin nasa su buɗe ido. Ashe ko a baho ka reni ɗan teku, nonon uwarsa zai nema. Wa ya ci riba, wa ya yi asara? Ya juya tambayar ta kowane gefe, bai samo mata gindin zama ba. Ya tambayi Mwatima, ta ce papan ai da ma an riga an kashe shi, namansa yana shanye a kan igiyar kowa, ya ci shinkafarsa kafin ta huce. Ya ci, amma ya ajiye tambayar inda zai same ta.

Kwana tara suka wuce. Ana goma ya leƙa da madubi, ya ga wani ya nufi ƙwaro ya cafke shi tsaf, ya juya ya cafki na biyu. Sha ɗaya, haka. Bai gaya wa kowa ba, yana tsoron bakinsa. Ya sa tsumma ya ɗaure ƙofar kwano, yana shiga ɗakin da sanɗa kamar gidan mai jego.

Ranar sha biyu da hantsi yana durƙushe yana zuƙe dattin gindin tanki, sai aka fizgi ƙofar da ƙarfi, tsumman ya tsinke, kwano ya bugi bango ya yi ƙara kamar aradu.

"Salamu alaikum! Ina waɗanda suka shanye man jirgina?"

Pandu ne. Silima bai amsa sallamar ba. Idonsa na kan ruwan tankin. Jariran sun watse kamar an jefa tsakuwa cikin taron tsuntsaye. Ya ƙirga a ransa, ɗaya, biyu, uku, yana jiran ya ga garin nan yana sauka. Huɗu. Biyar. Sai ga su suna dawowa daga gefe-gefe, suna taruwa a ƙarƙashin haske, kowa ya koma farautarsa.

Silima ya miƙe ya rungumi surukinsa ya ɗaga shi sama, duk nauyinsa.

"Kai! Sauke ni! Shemeji, ka haukace ne? Ina gwiwar taka?"

"Sake bugawa, Yaya! Don Allah sake buga ƙofar!"

Pandu ya buga ta har sau uku, na ukun da ƙafa. Sannan ya karɓi madubi ya sunkuya a kan tankin, ya ce minti ɗaya zai yi, yana da aiki. Har aka kira azahar yana nan, yana zagin wani da ya ce malalaci ne, yana kirarin wani da ya ce ya gado ƙirjin papa.

Ranar ashirin da ɗaya mata goma sha bakwai suka zo da bokitai tun rana ba ta yi zafi ba. Ba duka dubu arba'in suka kai ba, Silima ya faɗa musu gaskiya tun a bakin ƙofa, dubu goma sha huɗu ne ko da ɗan ɗoriya. Wata ta ce sun ji, amma su ba a lissafi za su zuba wa ramukansu ba, a nuna musu. Mwatima ta ɗebo wasu a farin kwano, ta sa yatsa ta juya ruwan har ya yi gurbi a tsakiya, ta janye hannu. Kawuna goma sha bakwai suka haɗu a kan kwanon. Kifin da ba shi da ƙarfi ruwa yake bi, kowace 'yar masunci ta san wannan. Waɗannan kuwa, siraran abubuwa kamar tsinken gilashi, gaba ɗayansu suka juya kai suka tunkari ruwan.

Guɗa ta tashi har tsuntsayen mikoko suka watse. Aka jera bokitai a ka, aka kama hanya ana waƙa, Silima a baya yana roƙon a tafi a hankali, ba mai jin sa. A bakin kowane rami sai a zaunar da bokiti cikin ruwa, a riƙa ɗiban na ramin ana ƙara masa kaɗan-kaɗan har su saba, sannan a karkata baki a bar su su fita da kansu. Ramuka uku suka samu cikakken rabo, na huɗu ya samu rabi. Matan suka tsaya cikin taɓo suna kallon ruwan da ba a ganin komai a cikinsa, kowace tana rantsuwa ga nata can.

Silima ya zauna a kan gaɓar ramin, ya miƙe ƙafa, ya ji wata gajiya mai daɗi tana sauko masa tun daga wuya. Bai kai ga lumshe ido ba ya ji gardama ta kaure a bayansa. Wasu na cewa gabas, wasu na cewa wajen tsohuwar hanyar ruwa ƙasa ta fi laushi. Kafin ya gane zancen me ake yi, inuwar Mwatima ta rufe shi, ta ajiye masa fartanya a cinya.

"Rami na biyar," in ji ta. "Nan da wata biyar iska za ta juya, ba ma so ƙwai su same mu zaune. Tashi, Baban Riziki, ruwa ya janye."

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama ƙota, ya bi su.